Kafin ka zaro kuɗi a asibiti: yadda za ka san farashi da ingancin magani a Damagaram

Tun da na gama jinyar goggona a daminar bara, mutane ke tare ni da tambaya iri ɗaya: "Za mu kai mara lafiya asibiti, nawa za mu riƙe?" Wasu kuma su ce, "Mun biya, amma ta yaya za mu gane an yi mana aikin da ya dace?" Na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya, daki-daki. Abin da jinyar nan ta koya mini shi ne, kuɗin mara lafiya sun fi zurarewa a inda ba a rubuta komai ba: abin da ba ka tambaya ba, abin da ka biya a tsaye cikin baranda, maganin da aka saya sau biyu. Ga matakan yadda suke bin juna.

1. Shirin gida

Ka tanadi ƙaramin littafi irin na ƴan makaranta, da biro, da leda mai kauri da za ta riƙe takardu. A cikin ledar ka zuba karnen mara lafiya, tsofaffin takardun magani, sakamakon awon jini ko hoton da aka taɓa yi, da kwalayen duk maganin da yake sha yanzu, ko da na gargajiya ne. In yaro ne, ka haɗa da karnen rigakafinsa ko takardar haihuwa, domin da su ake tabbatar da shekarunsa. In mai ciki ce, karnen awon ciki kada ya kwana a gida.

Sannan dangi su tsayar da mutum ɗaya mai riƙe kuɗi da littafi. Wannan ya fi duk sauran shirin nauyi. A jinyar goggona, kwana uku na farko mu huɗu ne ke biya: ni, da yayana, da mijin ƴarta, da wani ƙanenmu da ke turo nasa daga Agadas. Ranar da muka zauna lissafi sai muka tarar an sayi magani ɗaya har sau biyu, an kuma maimaita awon jinin da sakamakonsa ke cikin aljihun ɗayanmu. Duk mai son taimakawa ya damƙa wa mai littafi, shi kuma ya rubuta.

Hattara: in yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da komai, ko ya suma, in mai ciki tana zubar da jini, ko naƙuda ta yi tsawo, ko kanta na sarawa ga kumburin fuska da ƙafafu, to a bar zancen littafi, a ɗauki mara lafiya a tafi. Takardu sa biyo baya.

2. Zaɓi ƙofar da ta dace

Asibitocin gwamnati hawa-hawa ne. Akwai ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, sai CSI, wato cibiyoyin lafiya da ke unguwanni da manyan garuruwa, sai asibitin gunduma irin na Mirya, Magarya, Matamai, Tanut da Gure, sai manya: cibiyar kula da uwa da yaro, da babban asibitin ƙasa na Damagaram. Ko'ina da nasa farashin, kuma yadda ka hau sama haka kuɗin ke ƙaruwa.

Masassara, gudawa, tari, ƙaramin rauni, awon ciki da rigakafi duk aikin CSI ne. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka gaba, kuma a nan ne za ka ce wa majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, "Majo, don Allah a rubuta mana takardar turawa." Takardar nan tana faɗin abin da aka gani da abin da aka riga aka ba mara lafiya, sai ta hana a faro komai daga tushe da kuɗinka.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauko mai ciwon kai daga Birni ko Garin Malam a kan kabu-kabu ya wuce CSI biyu ya nufi babban asibiti, ya wuni a layi, ya biya fiye da kima. Akasinsa ma yana nan: a yi kwana huɗu ana ƙarin ruwa a ɗan ƙaramin ɗaki alhali jiki yana ta yin baya.

3. San abin da ba a biya

Mutane da yawa na biyan abin da gwamnati ta riga ta yafe, don kawai ba su sani ba. Tun zamanin Tandja Mamadu, a 2005 aka mayar da fiɗar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati, a 2006 aka ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Hanyoyin tazarar haihuwa ma suna cikin tsarin. Allurar rigakafin yara, maganin tarin fuka na wata 6, maganin rage kaifin cutar sida, kula da yara masu tamowa, da ƙwayoyin kariyar masassara da ake raba wa yara wata-wata a damina, duk ba na sayarwa ba ne.

A watan Agustan 2024 kuma gwamnati ta sanar da rage rabin kuɗin ganin likita, da kwanciya, da awo, da hoto, da aikin fiɗa a asibitocinta, daga ranar 1 ga Satumba. Ta ce haihuwa kyauta ce, ta kuma soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke biya kafin a fara musu. Saboda haka in wani ya faɗa maka farashin da ya biya shekara uku da suka wuce, kada ka ɗauke shi ma'auni.

Sai dai a nan akwai gaskiyar da dole a faɗa. Kyauta a takarda ba ta nufin maganin yana cikin kabad. Sau da yawa za a duba yaro ba a karɓi ko dala ba, amma a ce maganin ya ƙare, a miƙo takarda a ce a je farmasi. Ba kullum ne wannan yake zama ha'inci ba. Asibitocin kansu suna daɗewa suna jiran gwamnati ta mayar musu da kuɗin aikin kyauta, kaya su yanke musu. Abin da za ka yi shi ne ka rarrabe. Ka ce, "Madam, a cikin nan wanne ne ke cikin kyauta, wanne ne babu shi yau?" Ka rubuta amsar. Wanda babu ka saya a waje ka karɓi resi. Amma a ce ka ba da kuɗi a hannu domin a fito maka da abin da yake na kyauta, wannan kam ba ƙa'ida ba ce.

Hattara: duk wannan rangwame na asibitocin gwamnati ne. Kilinik mai zaman kanta ba ta cikinsa.

4. Tambayi kuɗi kafin a fara

Kunya ce ke kashe mana kuɗi a wannan mataki. Muna ganin kamar tambayar farashi a kan ran mutum rowa ce, ko rashin tawakkali. Ba haka ba ne. Wanda ya san jimla tun da wuri shi ne ke iya kiran ƴan uwa a kan lokaci, kafin magani ya tsaya rabi.

Da farko ka duba bango kusa da wurin biyan kuɗi, a nan ake liƙa jerin farashi. In ka gani ka ɗauki hotonsa da waya. In babu, ka tambayi mai karɓar kuɗi ya nuna maka nasa. Sannan ka buɗe littafinka ka ja layi biyar: ganin likita, awo da hoto, magani, gado, aiki. Kowane kuɗi da za a ambata sai ya faɗa ɗaya daga cikin biyar ɗin. Wanda ya rasa gurbi, ka tambayi sunansa.

Tambayar da ta fi amfani ba "nawa ne?" ba ce. Ita ce, "Me da me ke cikin kuɗin nan, me kuma zai biyo baya?" Ana iya faɗa maka kuɗin fiɗa kaɗai, ba a haɗa da awon kafin aiki, da maganin sa barci, da zare, da safar hannu, da ruwan ƙari, da wankin ciwo na bayan sallama ba. A kilinik mai zaman kanta, in dai ba gaggawa ba ce, ka nemi a rubuta maka ƙiyasin duka a takarda mai hatimi, ka kai wata kilinik ɗin ka gwada. Ka tambaya ko kuɗin gado na kwana ne ko na zaman gaba ɗaya, ko dawowa nuna sakamako sai an sake biya.

Hattara da dala. Mu da baki muna lissafi da dala, takarda kuma da sefa take magana, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In takarda ta ce 1,500, dala ɗari uku ke nan, jika ɗaya da rabi. In mutum ya ce maka "ɗari biyar" da baki, yana iya nufin dala, wato 2,500, alhali 500 a rubuce dala ɗari ce kawai. Tsofaffi da mutanen ƙauye sun fi faɗawa wannan rami. Ka sa a rubuta lambar, ka maimaita ta da jika: "Wato jika biyu da rabi ko?"

5. Biya a wurin biya, karɓi resi

Kowane asibiti yana da tagar karɓar kuɗi. Can kaɗai za ka biya. Resin kirki yana ɗauke da sunan asibiti, kwanan wata, sunan mara lafiya, abin da aka biya wa, adadin kuɗi da hatimi. Ka karanta kafin ka bar tagar, ka tabbata lambar da ke jiki ita ce ka bayar. Ka ɗauki hotonsa nan take, domin tawadar wasu tana gogewa cikin zafin aljihu.

Mu mun sha wannan. A dare na biyu wani mutum sanye da farar riga ya tare yayana a baranda ya ce ya kawo kuɗin hoto zai gaggauta mana layi. Da safe aka nemi resi, babu, mutumin ma babu, sai da muka sake biya. Tun daga ranar, duk wanda ya ce in kawo, amsata ɗaya ce, cikin ladabi: "To Malam, mu je taga tare."

Goron godiya bayan an warke, wanda ka bayar don ranka ya so, daban yake da kuɗin da aka gindaya kafin a taɓa mara lafiya. Na biyun ba ka da wajibin biyansa.

6. Auna aikin a ɗakin likita

Fenti da na'urar sanyaya ɗaki ba su ne inganci ba, haka ma yawan allura. A garin nan mutum yakan fito yana ƙorafi wai ba a yi masa komai ba don ba a ɗaura masa sirum ba, alhali ƙwayoyin da aka rubuta masa su ne daidai ciwonsa. Wannan son ƙarin ruwan namu ya sa wasu wuraren ke ɗaura wa kowa, kuɗi su ninka, lafiya ba ta ƙaru ba.

Ga abin da ido zai iya gani. Shin an saurari mara lafiya ya faɗi abin da ke damunsa har ƙarshe? An auna zafin jiki? Babba an auna hawan jininsa? Yaro an ɗora shi a sikeli kafin a rubuta magani, tunda da nauyi ake ƙayyade masa? Likita ya taɓa jikin, ko daga bayan tebur ya rubuta? An wanke hannu? Allurar a gabanka aka yage ledarta? In masassara ce, an tsaga yatsa an yi gwaji kafin a ba da maganin cizon sauro? Gwajin gaggawar nan minti 15 zuwa 20 yake ɗauka, kuma ba kowane zafin jiki ne na sauro ba.

Kafin ka tashi, ka yi tambaya huɗu, ka rubuta amsarsu:

"Likita, mene ne sunan ciwon?"
"Wannan awon me zai nuna mana, kuma in ba a yi shi yau ba akwai haɗari?"
"Kwana nawa ya kamata mu ga sauƙi?"
"Wace alama ce in mun gani mu dawo da gudu?"

Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan amsa, ko da a gaggauce, domin layi na jiransa. Ka zaɓi lokaci, ka gaisa, ka taƙaita. In an yi bayani da Faransanci ka ce a maimaita da Hausa. Babu abin kunya a ciki. Sakamakon awo da hoto naka ne tunda kai ka biya, ka karɓe su ka zuba a leda.

A kilinik mai zaman kanta ka ƙara biyu: takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar lafiya, da sanin wanda ke dubawa, likita ne ko ma'aikacin jinya, kuma wa ke kwana da marasa lafiya da dare. In an ce fiɗa, kuma ba ta gaggawa ba ce, ka kai takardun wani likita ya duba. Wannan ba raini ba ne.

7. Takardar magani da farmasi

A nan ne mafi yawan kuɗi ke tafiya. Tun kana gaban likita ka ce ya karanta maka takardar layi-layi: wannan na mene ne, sau nawa a wuni, kwana nawa. Sannan ka tambayi abin da mutane ke jin nauyin tambaya: "In kuɗi ba su kai ba, wanne ne dole, wanne zai iya jira?" Shi ya san amsar, ba mai farmasi ba, ba kuma kai ba. In ba ka tambaya ba, za ka iya sayen maganin ƙarin kuzari ka bar na kashe ƙwayar cuta.

Ka fara da farmasin cikin asibiti, sannan farmasin gwamnati, sannan masu zaman kansu. Magani ɗaya yana da sunan sinadari da sunan kamfani. Doliprane da Efferalgan duk farasitamol ne, kuma wanda ba ya ɗauke da sunan kamfani ya fi araha nesa ba kusa ba. Ka ce, "Akwai jenerik ɗinsa?" Ka tabbata ƙarfin ɗaya ne, wato lambar miligiram da ke jikin kwali. In maganin hawan jini ne, ko na suga, ko na farfaɗiya da mutum ya daɗe a kai, kada a canza sai da sanin likita.

Kafin ka biya, ka juya kwalin ka duba wata da shekarar ƙarewar aiki, ka ga ba a buɗe shi ba. Ka sa mai farmasi ya rubuta farashin kowanne a gefen sunansa.

Hattara: kada ka sayi rabin maganin da ake so a shanye duka. Na masassara irin Coartem sau biyu ne a wuni har kwana 3, shan shida cif. In an tsaya a na huɗu don jiki ya yi sanyi, ciwon na iya dawowa a sake kashe wasu kuɗin. Maganin tebur da na masu yawo da tire kuwa, ko da na gaske ne, ya wuni cikin ranar Damagaram, kuma babu wanda za ka riƙe in ya cutar. Arhar nan tana da tsada.

8. In an ba da gado

Kowace safiya, lokacin zagayen likitoci, mai littafi ya kasance a wurin. Ya rubuta abin da aka ce, da sabon abin da aka rubuta a saya. Duk maganin da kuka sayo ku ƙirga shi, ku rubuta sunan mara lafiya a jikin kwali, ku riƙa cire abin da aka yi amfani da shi. Idan an miƙo sabuwar takarda, ku fara duba leda ko akwai saura. Kada ku sayi na kwana bakwai a tashi ɗaya. Likita na iya canza magani gobe, kuma farmasi ba ta cika karɓar abin da ya fita ba. Na kwana biyu ya isa.

In akwai alamar za a buƙaci jini, ku kira ƴan uwa masu lafiya tun da rana su je a gwada su. Kada ku yi ciniki da wanda ya tare ku a bakin ƙofa.

Ku lissafa kuɗin da ba sa cikin resi, domin su ma kuɗi ne: abincin mai jinya, ruwa, kabu-kabu zuwa farmasin da ke gadin dare, da aikin da mai jinya ya bari. Ranar sallama ku nemi takardar da ta faɗi ciwon, da abin da aka yi, da maganin gida, da ranar dawowa. Ku zauna da resi ku gwada su da littafi kafin ku naɗe tabarma.

9. In kuɗi sun gaza, ko an karɓi abin da bai dace ba

Kada ku sulale da mara lafiya da dare. Ku faɗa wa majon sashen gaskiya, ku nemi ofishin taimakon jama'a na asibitin. Marasa ƙarfi na iya neman takardar shaidar rashin hali daga ma'aikatar magajin gari, kuma gara a fara nemanta tun ranar farko.

In kuwa ƙorafi ne, ku bi shi hawa-hawa: majo, sannan shugaban asibiti. A CSI akwai kwamitin lafiya na mutanen unguwa da ke sa ido kan kuɗin shiga, a samansa akwai babban likitan gunduma, sai hukumar lafiya ta jiha. Ku je da rana, da sa'a, da adadi, da resi ko bayanin yadda aka hana ku shi. Ku bar zagi da ɗaukar hoton ma'aikata. Yawancinsu mutane ne da ke aiki da kayan da ba su isa ba, kuma ƙorafi mai hujja yana kare na kirkinsu.

10. In an ce Maraɗi, Yamai ko Kano

Kafin ku sayi tikitin mota, ku tambayi likitan da ya tura ku ainihin abin da babu a nan: na'ura ce, ko ƙwararre, ko magani? Wani lokaci samfurin awo kaɗai ake iya aikawa, mara lafiya ya zauna gida. Ku karɓi takardar turawa da duk hotuna da sakamako. Ku sa wani ɗan uwa da ke can ya je asibitin da ƙafarsa ya tambayo ranar da ƙwararren ke zama da ƙiyasin kuɗi, domin kwana uku na jira a garin da ba naka ba yana iya cinye kuɗin aikin.

Masu zuwa Kano su tuna cewa kyauta da rangwamen Nijar sun tsaya a iyaka, kuma takardun da aka rubuta da Faransanci sai an samu mai fassara wa likitan can. Canjin naira yana motsi, don haka kada a canza kuɗin duka rana ɗaya. A bar saura a sefa wurin mai littafi. A dawowa, ku kai takardun can wa likitan da ya tura ku, ya rubuta muku sunan sinadarin kowane magani, yadda za ku same shi a farmasin Damagaram in wanda kuka zo da shi ya ƙare.